Ƙari a Ƙwaƙwalwa: Tarihin Cutar da Aka Ce Ba Ta Kama Baƙar Fata

Abubuwa biyu sun faru a Nijeriya a shekarar 1987 waɗanda ba kasafai ake ambaton su tare ba. A ranar 23 ga Satumba gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna, mutanen Dutsin-Ma da Kurfi suka sami babban birnin jiha a kusa da gida. A cikin wannan shekarar kuma aka girke na'urar CT ta farko a ƙasar, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan. Ita ce na'urar da ke ɗaukar hoton abin da ke cikin ƙoƙon kan mutum yana raye, ba tare da wuƙa ta taɓa shi ba. Daga wannan lokaci, idan ƙari ya tsiro a ƙwaƙwalwar manomi a Kurfi, akwai wuri ɗaya a Nijeriya da za a iya ganin ƙarin ƙuru-ƙuru. Sai dai tsakaninsa da wurin tafiyar yini guda ce cur a mota, ga kuɗin da ba shi da su, kuma da wuya ya haɗu da wanda zai ce masa ya tafi.

Tarihin ƙarin ƙwaƙwalwa da na laka tarihi ne na yadda likitoci suka koyi ganin abin da ƙashi ya rufe. Duk inda kayan gani ba su kai ba, sai a ɗauka cutar ma ba ta kai ba. An taɓa yi wa nahiyar Afirka baki ɗaya wannan hukunci, kuma sai da wani likita ɗan Nijeriya ya tashi tsaye kafin a janye shi.

Akwatin da ba ya miƙewa

Ƙoƙon kan baligi akwati ne na ƙashi, a rufe ruf. A cikinsa akwai ƙwaƙwalwa, wadda nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, da jini, da wani ruwa garai-garai da take iyo a cikinsa. Ƙari idan ya fito a cinya ko a ciki yana da filin da zai kumbura, wani lokaci har ya shekara bai dami mai shi ba. A cikin kai babu wannan fili. Duk abin da ya ƙaru sai ya danne wani abu, shi ya sa ƙarin da ba na daji ba ma yakan makantar da mutum ko ya kashe shi. Haka lamarin yake ga laka, wato igiyar jijiyoyin da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta ratsa ta cikin ƙashin baya: ƙari mai girman ƙwayar gyaɗa ya isa ya kwantar da ƙato.

Ƙarin iri-iri ne. Akwai wanda ke tsirowa daga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, wanda likitoci ke kira meninjiyoma. Ya fi kama mata, yana girma a hankali, kuma mafi yawansa ba daji ba ne. Akwai na wata 'yar ƙwaya da ke gindin ƙwaƙwalwa mai suna fituwitari, wadda ke sarrafa al'adar mata da ruwan nono da girman jiki. Akwai wanda ya yi ƙaura daga wani wuri, kamar dajin mama ko na huhu da ya bi jini ya sauka a kai, ko dajin mafitsara na maza da ya kama ƙashin baya. Sannan akwai giliyoma, wanda ke tasowa daga cikin naman ƙwaƙwalwar kanta. Masanin cututtuka na ƙasar Jamus, Rudolf Virchow, shi ya raɗa masa suna a shekarun 1860, daga kalmar Girkanci mai ma'anar danƙo, domin ya ɗauki ƙwayoyin halittar da ƙarin ke fitowa daga cikinsu a matsayin danƙon da ke riƙe jijiyoyi wuri ɗaya. Giliyoma ba shi da iyaka tsayayya. Yana kutsawa cikin lafiyayyen nama kamar yadda ruwa ke ratsa yashi, kuma wannan ne ya sa cire shi kakaf yake da wuya har yau.

Landan, 1884

Kafin a iya ɗaukar hoton cikin kai, sai da aka koyi karanta shi daga waje. A 1851 Hermann von Helmholtz ya ƙera wata 'yar fitila mai madubi ta leƙa bayan ƙwayar ido. A 1860 likitan ido Albrecht von Graefe ya lura cewa masu ƙari a kai sukan sami kumburi a inda jijiyar gani ta shiga ido. A 1861 Paul Broca a Faransa ya nuna cewa magana tana da mazauninta a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa. Bayansa John Hughlings Jackson da David Ferrier a Ingila suka tabbatar cewa kowace gaɓa tana da wurin da ke juya ta, kuma ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa shi ke juya hagun jiki. Ke nan idan farfaɗiya ta fara daga babban yatsan hagu ta hau hannu, likita zai iya nuna da yatsa inda ɓarnar take a kai.

A 1879 William Macewen a birnin Glasgow ya cire wa wata yarinya 'yar shekara 14 ƙari daga tantanin ƙwaƙwalwa, ta tashi ta ci gaba da rayuwa. Sai ranar 25 ga Nuwamba 1884, a Landan, aka yi aikin da ya fi shahara. Wani saurayi ɗan shekara 25 ya zo da ciwon kai mai tsanani da amai, hannunsa na hagu yana karkarwa yana kuma shanyewa. Likita Alexander Hughes Bennett ya duba alamomin ya ce ƙarin yana ɓangaren dama, a wuri kaza. Likitan fiɗa Rickman Godlee ya buɗe daidai wurin, ya tarar da giliyoma, ya cire shi. Saurayin ya farfaɗo, ciwon kai da amai suka tafi, amma ƙwayoyin cuta suka shiga raunin, ya rasu bayan mako huɗu. Duk da haka an tabbatar da abu ɗaya: ana iya gano ƙari a cikin rufaffen kai ta hanyar tambaya da gwajin jiki kaɗai.

Shekara uku bayan haka, ranar 9 ga Yuni 1887, Victor Horsley ya buɗe bayan wani hafsan soja wanda ƙafafunsa biyu suka mutu, bisa hasashen likita William Gowers. Ya cire ɗan ƙarin da ke danne laka. Mutumin ya sake takawa da ƙafafunsa, ya koma bakin aiki.

Wanda ya mayar da wannan kasada ta zama sana'a shi ne Harvey Cushing na Amurka. Shi ya ƙirƙiro sunan meninjiyoma a 1922, kuma a 1926 shi da Percival Bailey suka rarraba giliyoma gida-gida bisa kamannin ƙwayoyinsa da tsawon rayuwar masu ɗauke da shi. A 1931 ya yi aikin ƙari na 2,000, a lokacin kuma ya sauko da yawan masu mutuwa a dalilin tiyatar zuwa ƙasa da kashi 10 cikin ɗari. Ta fuskar hoto, Walter Dandy ya fara hura iska cikin kogon ƙwaƙwalwa a 1918 don inuwar ƙari ta fito a hoton ƙashi, Egas Moniz na Fotugal kuma ya fara ɗura rini a jijiyoyin wuya a 1927. Dabaru ne masu azaba da haɗari, amma da su aka yi ta aiki har ranar 1 ga Oktoba 1971, ranar da na'urar CT da injiniya Godfrey Hounsfield ya ƙera ta ɗauki hoton kan wata mata a asibitin Atkinson Morley da ke Landan.

Hukuncin da aka yanke wa Afirka

A zamanin mulkin mallaka likitocin Turawa da dama sun rubuta cewa ciwon daji bai cika kama 'yan Afirka ba, ƙarin ƙwaƙwalwa kuwa da kyar ake jin labarinsa. Wasu har suka ɗauke shi cutar wayewa, wadda sai wanda ya ci gaba take kamawa. Hujjarsu ita ce ba su gani ba. Ba su tambayi kansu da me za su gani ba.

Dubi abin da ke gaban likitan gwamnati a Lardin Katsina a wancan lokaci. Agana na kashe yara, sanƙarau na zuwa da bazara ya share ƙauyuka, ga zazzaɓin cizon sauro, ga kuturta, wadda saboda ita aka buɗe sansanin Babbar Ruga kusa da birnin Katsina a shekarun 1930. Likita ɗaya ne ga dubun dubatar mutane. Wanda ya makance a hankali a wani ƙauyen Dutsin-Ma, ko ya fara sambatu ya mutu, ba ya shiga kundin kowa. Ga kuma yadda mutane da yawa ke mutuwa da ƙuruciya, kafin su kai shekarun da wasu nau'o'in ƙarin suka fi bayyana.

An fara warware wannan kuskure a Ibadan. A 1960 Farfesa George Edington ya buɗe rajistar masu ciwon daji a can, aka fara ƙirga abin da a da ake ƙiyastawa. A 1962 kuma Emanuel Latunde Odeku ya dawo gida. An haife shi a 1927, ya yi karatun likita a Jami'ar Howard da ke Washington, ya ƙware a tiyatar ƙwaƙwalwa a Jami'ar Michigan a hannun Edgar Kahn. Da ya so, da ya yi zamansa a Amurka. Ya zaɓi ya dawo ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa na farko a Nijeriya. Adelola Adeloye ya zo ya same shi, ga kuma likitan jijiyoyi Benjamin Osuntokun. Suka yi ta tara bayanan marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya: wanda aka yi wa aiki, wanda aka duba namansa a ɗakin gwaji, wanda aka binciki gawarsa. A farkon shekarun 1970 suka wallafa yadda ƙarin ƙwaƙwalwa ke bayyana a Ibadan. Giliyoma yana nan, meninjiyoma yana nan, na fituwitari yana nan, a manya da yara. Gani ya kori ji. Odeku ya rasu a Landan a 1974 yana ɗan shekara 47, amma ya bar darasin da ya fi kowace tiyata da ya yi: yawan ƙarin da ake samu a wuri yana tafiya ne da yawan masu neman sa da kayan da suke nema da su.

Sunayen da cutar ke ɓuya a bayansu

A ƙasar Hausa ƙarin ƙwaƙwalwa ba ya zuwa da sunansa, yakan ari sunan wata cuta. Idan ya jawo faɗuwa da kumfar baki, farfaɗiya ce. Idan ya canja halin mutum, mai kunya ya koma yin batsa, ko mai ƙwazo ya zauna shiru ya daina kula da iyalinsa, sai a ce iska ce ta taɓa shi, ko an yi masa sammu. Idan hannu da ƙafa suka yi nauyi, shanyewar ɓarin jiki ce. Idan gani ya dushe, sai a nemi tozali ko tabarau. Idan ciwon kai ya ƙi ji, ga wanzami da ƙahonsa. Macen da al'adarta ta ɗauke, nono yana zuba ba ta da goyo, haihuwa kuma ta ƙi samuwa, za ta iya shekara biyar tana shan sassaƙe da gorin dangin miji, alhali ɗan ƙari ne a fituwitari wanda sau da yawa ƙwayar magani kaɗai ke shanye shi.

Masana biyu da suka zauna a yankin Malumfashi, kudu da Dutsin-Ma, sun rubuta yadda mutanen karkarar Katsina ke fahimtar ciwo. Murray Last, a wata maƙala ta 1981, ya nuna cewa majinyaci da mai magani sukan wuce ba tare da sun dage sai sun san ainihin cutar ba. Ana gwada wannan, in bai yi ba a gwada wancan. Lewis Wall, a littafinsa na 1988 kan magungunan Hausawa, ya bayyana yadda ake danganta ciwo da sanyi ko zafi ko abinci ko iskoki ko hannun maƙiyi, duka a ƙarƙashin ikon Allah. Wannan tsari na gwaji yana da ma'ana a inda yawancin cututtuka kan warke da kansu, asibiti kuma yana nesa. Illarsa tana fitowa ne a kan cutar da kowane wata na jinkiri ke cin wani abu da ba ya dawowa. Jijiyar ganin da ƙari ya danne har ta mutu ba ta farfaɗowa, ko da an cire ƙarin daga baya.

Bayan mutuwa ma cutar ba ta bayyana. Musulmi sukan gaggauta jana'iza, binciken gawa ba abu ne da aka saba da shi ba, kuma mafi yawan mace-macen karkara ba a rubuta sanadinsu a ko'ina. Rajistar ciwon daji tana ƙirga wanda ya isa babban asibiti ne kawai. Saboda haka ƙarancin alƙaluma daga wuri irin Kurfi shaida ce ta nisan hanya, kamar yadda ya kasance ga Afirka duka kafin zamanin Odeku.

Tiyata ta hauro Arewa

Shekaru masu yawa mai wannan ciwo daga Arewa sai ya gangara Ibadan ko Legas ko Inugu, in mai hali ne ya haye Ingila, daga baya Masar ko Indiya. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya shi ya fara zama madogarar yankin. Sunan da ya fi fitowa a tarihin wannan fanni a Arewa shi ne Farfesa Bello Bala Shehu, wanda ya jagoranci kafa cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda aka horar da likitoci da dama da suka bazu a sauran asibitocin yankin. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, shi ma yana da sashensa. A Katsina, tsohuwar Cibiyar Lafiya ta Tarayya ta zama Asibitin Koyarwa na Tarayya, kuma a 2025 aka ƙaddamar da cibiyar kula da masu ciwon daji a cikinsa.

Ke nan tafiyar yini guda ta 1987 ta ragu ƙwarai. Daga Dutsin-Ma zuwa Katsina, ta Kurfi, kimanin kilomita 60 ne. Sai dai har yanzu, a ƙasar da al'ummarta ta haura miliyan 200, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ɗaya yana ɗauke da fiye da mutum miliyan ɗaya, kuma kusan dukkansu a manyan birane suke. Kuɗin hoto da na aiki daga aljihun iyali suke fita, a sayar da akuya, a jinginar da gona. Matsalar 'yan bindiga da ta addabi Kurfi da Dutsin-Ma da maƙwabtansu Safana da Batsari da Ɗanmusa ta ƙara wa hanyar nauyi: wanda ciwo ya tasar wa cikin dare a ƙauye yakan jira gari ya waye.

Wanda ke warkewa da wanda bai ji magani ba tukuna

Mafi munin giliyoma shi ne giliyobilastoma, kuma har yau ya gagari duniya. Babban ci gaban da aka samu a kansa shi ne binciken da Roger Stupp ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2005: haɗa gashi da maganin temozolomide bayan tiyata ya ɗaga matsakaicin tsawon rai daga wata 12.1 zuwa wata 14.6. Shi ya kashe Sanata Edward Kennedy a 2009, da Beau Biden a 2015, da Sanata John McCain a 2018, mutanen da babu asibitin da ya fi ƙarfinsu. Iyalin da aka gaya wa wannan suna suna da haƙƙin a faɗa musu gaskiya, kada su sayar da gida a kan alƙawarin waraka da babu wanda ke da ita. A 2016 da 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake fasalin rarraba giliyoma bisa sauye-sauyen ƙwayoyin gado da ke cikin ƙarin, domin an gano cewa ƙari biyu masu kama ɗaya a ido za su iya bambanta ƙwarai wajen saurin kisa. Wannan gwaji kuwa bai wadatu a asibitocin Nijeriya ba.

Amma giliyobilastoma kashi ɗaya ne daga cikin labarin. Meninjiyoma da yawa ana cire shi mutum ya warke sarai. Wani nau'in giliyoma na yara da ke fitowa a ƙeya yana warkewa da tiyata kaɗai. Ƙarin da ke danne laka daga waje, irin wanda Horsley ya cire tun 1887, idan an kai shi kafin ƙafafu su daɗe da mutuwa, mai shi yakan tashi. Wani abin ma da ke kama da ƙari a hoto ba ƙari ba ne: tarin fuka yakan yi dunƙule a ƙwaƙwalwa, ko ya cinye ƙashin baya ya gurgunta mutum, kuma maganinsa kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnati. Babbar asarar da ake yi a karkarar Arewa ta fi faɗawa kan waɗannan, masu ciwon da ke da magani amma suka iso bayan ido ya rufe ko ƙafa ta bushe.

Mafi yawan ciwon kai ba ƙari ba ne, haka ma mafi yawan farfaɗiya. Zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa a yarinta, da sanƙarau, da wahalar haihuwa, da haɗarin babur sun fi jawo ta. Alamomin da ke neman a ɗauki hoto sanannu ne. Baligin da bai taɓa farfaɗiya ba ya fara. Ciwon kai sabo da ke ƙaruwa mako bayan mako, ya fi tsanani da asuba, yana tafe da amai. Gani yana raguwa, musamman ta gefe, ko abu ɗaya ya zama biyu. Rauni a ɓari ɗaya da ke shigowa a hankali, saɓanin bugun jini da ke zuwa farat ɗaya. Canjin hali ko mantuwa a wanda bai tsufa ba. Yaron da ke tangaɗi yana amai da safe, ko jaririn da kansa ke girma fiye da kima. Ciwon baya mai hana barci wanda ƙafafu ke yin nauyi a bayansa, fitsari ya fara kufcewa ko ya ƙi fita. Ƙari ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, haka ita ma farfaɗiya, don haka babu dalilin raba wa mai ita ƙwarya ko gudun yawunsa.

Bennett ya gano ƙarin 1884 ba tare da hoto ba, da tambaya da gwajin hannu da leƙen ido. Fitilar leƙa ido da Helmholtz ya ƙera tun 1851 tana shiga aljihun riga, batir take ci, kuma likita a Dutsin-Ma ko Kurfi zai iya ganin kumburin jijiyar gani da ita cikin minti biyu, ya rubuta takardar tura mara lafiya Katsina a ranar. Dutsin-Ma a yau gari ne na malamai: ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Malami ko ma'aikacin da ke karɓar albashi shi dangi kan fara kira idan ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, shi ake tambaya ina za a nufa, shi ne kuma zai fitar da kuɗin mota. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana ɗaukar hoto, ana iya haɗa su a mako ɗaya. Idan wanda aka kira ya san waɗannan alamomi, watannin da akan ɓata ana zagaye za su iya komawa kwana biyu, tun ido yana gani, tun ƙafa tana motsi.